Zauren Malam

Har yanzu in na ji babbar mota ta karyo kwanar layinmu sai na ajiye abin da ke hannuna na tsaya cik. Ko tifar yashi ce ko tankar ruwa, ba na tantancewa. Wata bakwai ke nan da aka rushe zauren mahaifina, ban taɓa zama na ba wani labarin daga tushe ba. Mutanen unguwa sun san ƙarshensa, don a kan idonsu aka yi. Farkon kuwa daga ni sai kakata, ita kuma ta ce ba ta tuna ba.

Ni ce 'yar fari. Malam, haka nake kiran mahaifina kamar yadda kowa ke kiransa, har na girma bai taɓa kama sunana ba, bai taɓa duban fuskata ya yi mini magana ba. Mahaifiyata ma haka, sai dai ita in ta matsu takan ce “ke.” Ana yaye ni aka kai ni Badarawa wurin Kaka, wadda ta haifi Malam. Can na girma, daga can na tafi makarantar kwana. In ya zo gaishe ta ya iske ni a tsakar gida, sai ya kau da kai ya tambayi bango, “Ɗiyar Inna tana lafiya?” Kaka ta amsa masa, ni kuwa ina durƙushe bai fi taku uku da ƙafarsa ba. Ban taɓa jin haushi ba. Kunya ce, kowa ya sani, har alfahari nake yi da ita. Ƙawayena da ubanninsu ke zama suna hira da su, gani nake kamar ba a ɗauke su da nauyi ba.

Malam malamin Arabiyya ne a firamare. Larabci da ajami ba abin da ke gagararsa, amma Turanci bai shiga kansa ba, bai kuma nema ba. Bayan an ba mu jiha aka yanka sababbin filaye a Kaura Namoda, can bayan gari ta hanyar Shinkafi, aka raba wa ma'aikata, shi ma ya samu. Ka'idar ita ce ba a aza bulo ko ɗaya sai an kai zanen gidan ofishin masu tsara gari sun buga hatimi. Wani mai zane ya zana masa irin wanda yake zana wa kowa, ɗakuna da falo da baranda tana kallon titi. Da takardar amincewa ta fito, lokacin ina hutun aji biyar, sai ya hau babur ya taho da ita Badarawa. Bai so na waje ya karanta masa sirrin gidansa ba.

Ya zauna a kan buzu a ƙofar ɗakin Kaka, ya miƙa mata takardar.

“A ce ma yarinyar ga ta duba muna.”

Kaka ta waiwayo ni. “To uwar boko, yau ranarki ta. Shekara biyar kina cin shinkafar gwamnati, taho mu ga amfaninta.”

Na durƙusa daga gefe na ba shi kafaɗa. Shafi biyu ne, da zanen gidan a ninke a bayansu. Na karanta shafin farko ina fassara wa Kaka, don ita nake wa magana, shi sauraro kawai yake. An duba zane, an amince, yana iya fara gini.

“Alhamdu lillahi,” in ji Malam. Ya warware zanen a kan tabarma, ya ɗora yatsa a kan wani farin wuri da aka bari tsakanin baranda da titi. “Kin gani, Inna, yaran ga suna da hankali. Har sun bar mani wurin zaure. Mu gama cikin gida tukuna, in Allah ya hore sai a tada shi nan.”

Kafin ya rufe baki idona ya riga ya sauka a shafi na biyu. Sharuɗɗa ne a jere. Ɗaya ya ce farin wurin nan ba na gini ba ne, an ware shi don lambatu da turakun lantarki da faɗaɗa titi nan gaba. Na ƙasansa ya ce duk mai son canza wani abu a zanen sai ya koma ofis da sabon zane kafin ya fara aiki. Na ƙarshe ya ce abin da aka gina saɓanin haka rushe shi za a yi.

Da zan iya cewa ban gane Turancin ba da na samu sauƙi. Na gane sarai, ba kalma ɗaya mai wuya a ciki. Abin da ya rage shi ne in buɗe baki, a gaban mutumin da ban taɓa yi wa magana ba, in ce ya yi kuskure, wurin da ya ɗora yatsa ba nasa ba ne. Ga shi yana murmushi, ni ban taɓa ganin haƙoransa daga kusa haka ba. Ina ta tattara yawu a baki aka kira la'asar. Ya miƙe, Kaka ta zare takardar daga hannuna ta miƙa masa, ya ninke ya sa a aljihun ƙirji ya fita. Daga masallaci ya wuce Kaura.

Na iske Kaka tana gyaran wake.

“Kaka, akwai saura fa. Sun ce ba a gini a wurin nan da ya nuna.”

“Wa ya ce?”

“Takardar.”

“Takarda ta ce! Ita takardar a ina take saukar da baƙinta? Gida ba zaure ai shago ne. Ƙattin maza su faɗo su iske uwarki da ɗaurin ƙirji?”

“Ki dai faɗa mashi, don Allah.”

“Za ni faɗa. Ke kuma miƙo mani faifan can, gwamna.”

Ba ta faɗa ba. Ko kuma ta faɗa cikin raha, irin yadda take faɗin komai nawa, ya yi murmushi ya wuce. Ban sani ba. Da na koma makaranta na zauna na rubuta masa wasiƙa da ajamina mai karkata, layi huɗu. Ta yi zango guda a ƙasan akwatina. Wa zan ba ya kai? Kuma wasiƙa ai magana ce, sauti ne kawai babu. Na yaga ta. Na riƙa lallashin kaina cewa ai “in Allah ya hore” ya ce, gidaje nawa ne ke tsayawa a linta har masu su su tsufa. Kunyar da nake ji ta cewa uban da ya haife ni ya yi kuskure, ita ce ta kai ni ga fatan kada Allah ya hore masa. Wannan ban taɓa faɗa wa kowa ba.

Aka gina gidan daidai da zane, ba ƙari ba ragi. Na gama makaranta, ƙafafun Kaka suka yi nauyi, aka kwaso mu mu biyu muka dawo Kaura. Bayan gidan akwai fili mai yawa da ya rage, mahaifiyata ta shuka kuɓewa da rama, ta ɗaure awakinta. Gaba kuwa baranda ce a buɗe, wanda duk ya wuce a titi yana hangen labulen falo.

Sai aka ƙaddamar da shari'ar Musulunci a jiharmu. Ban taɓa ganin Malam cikin farin ciki irin na watannin nan ba, har tafiyarsa ta canza. Magidanta suka fara zuwa ɗaukar karatu wurinsa bayan la'asar, suna zama a baranda. Tun daga lokacin da suka zauna har su tashi mahaifiyata ba ta iya ratsa falo, ko buta za ta ɗauka sai ta zagaya ta wurin awaki. Wata rana wani ya ce masa a masallaci, wai cikin wasa, gidan malami guda amma kamar barikin 'yan sanda. Sati bai zagayo ba aka sauke bulo a ƙofar gida.

Maginin wani dattijo ne daga Zurmi, mai yawan barkwanci. Ranar da ya zo ja igiya ina bayan taga ina tankaɗe, ina jin su. Ya buga ƙafa a kan wani guntun turken siminti da ke binne a ƙasa.

“Allah gafarta Malam, wanga fa turken safiyo ne, masu awon fili. Mutanen ga ba su da wasa, ko uwarsu ta yi gini nan sai sun tada ta.”

“Ja igiyarka, ka cika surutu,” in ji Malam yana dariya. “Takardata tana ɗaka da hatiminta, an karanta mani. Kuma yanzu shari'a muke.”

An karanta mani. Rariya ta faɗi daga hannuna, gari ya watse a zanena. Ko a ranar da na fita na durƙusa na yi magana, da bulo ne kawai za a mayar. Na share garin na ci gaba da tankaɗe.

Zauren ya yi kyau, ba zan ɓoye ba. Ƙofa biyu da ba sa kallon juna, yadda na waje ba zai hangi ciki ba. Dakali a gefe, da ramuka uku a bango inda ya jera littattafansa, waɗansu tun na kakansa, a cikin gafaka. Aka zubo farin rairayi daga gulbi aka malala a ƙasa. Kullum da safe kafin ya dawo daga masallaci ni ke shiga in share, in baje rairayin da tsintsiya, in cika masa buta. Bai taɓa tambayar wa ke yi ba, amma ya sani. Mahaifiyata ta samu sakewa, har waƙa take yi a tsakar gida. Kaka kuwa ta samu abin tsokana.

“Gwamna, ina takardarki? Har yanzu ba ta iso ba? Ko ba ta samu mota ba?”

Har na fara yarda da ita. Wata biyar muka yi a haka.

Wata Litinin da hantsi farar a-kori-kura ta tsaya. Wani ya sauko da gwangwanin jan fenti ya ja layi biyu a gicciye a jikin zauren, tun daga sama har ƙasa. Babbansu, mutum ne matsakaici mai farin gilashi, ya yi sallama. Malam ya shigar da shi zauren ya shimfiɗa masa buzu, ya yi gyaran murya ta ƙofar ciki alamar a kawo ruwa. Na kawo na ajiye a bakin ƙofa, na maƙale a bayan bango. Malam ya ɗauko takardarsa ya miƙa da ƙarfin gwiwa. Na ji ƙarar buɗe shafi.

“Allah gafarta Malam, ai ga shi nan a rubuce. Shafi na biyu.” Ya karanta da Turanci, ya fassara, ɗaya bayan ɗaya, daidai yadda na gan su a Badarawa. Sannan ya sassauta murya. “Wallahi abin da ke ba ni takaici, da kun zo kafin a aza harsashin gidan, ba wani abu ba ne. Sai a sake zane a ja ginin baya, zaure ya shiga cikin filinku. Ba ga fili can kuna shuka kuɓewa ba? Wannan doka ta yarda da shi, kullum muna yi ma mutane. Amma gaban nan ba na gidanku kaɗai ba ne, taswirar unguwa ce gaba ɗaya, an riga an rufe ta. Ko shugaban ofishinmu ba shi da ikon sa hannu a kai. In na bar maka, gobe layin ga duka ya shige titi.”

Sai mutumin ya ƙara da tambaya.

“Wai wa ya karanta maka takardar ga tun farko?”

Ina jin numfashin Malam daga inda nake.

“Wani ne,” ya ce. “Ya yi tafiya.”

Mutumin da ban taɓa jin ya yi ƙarya ko cikin wasa ba, ga shi ya yi ta zaune a gaban littattafansa, saboda ni. Ko don ya rufa mini asiri ne, ko don ba zai iya ambatona ba ko a wannan halin, har yau ban sani ba.

Sun ba da kwanaki, ko ya rushe da kansa ko su zo. Malam bai karaya ba tukuna. Akwai wani alƙali da suka yi karatu tare suna samari, ya shirya ya tafi wurinsa da yaƙinin cewa yanzu da ake shari'a ba mai rushe wurin karatu saboda takardar Turanci. Ya dawo bai taɓa abinci ba. Daga baya na ji mahaifiyata tana faɗa wa Kaka yadda suka yi. Alƙalin ya ce wannan magana ba ta kotunsa ba ce, dokar tsara gari tana nan ba a taɓa ta ba. Ya ƙara da cewa ko a littattafan da suka karanta tare, hanya haƙƙin jama'a ce, ba a ci daga gare ta ko don masallaci. Wannan ya fi jan fentin yi masa ciwo. Daga ranar ya daina maganar, ya kuma hana a fitar da ko allo ɗaya daga zauren. Ya ce mai rushewa ya rushe da su.

Suka zo da hantsi, da katafila da 'yan sanda biyu. Unguwa ta cika. Waɗansu daga cikin masu ɗaukar karatu suka ja Malam tsallaken titi suna ba shi haƙuri. Mu mata muna ciki, ƙasa tana girgiza a ƙarƙashin ƙafafunmu. Ban yi shawara da kowa ba, ban ma yi da kaina ba. Na ga dai na shiga ta ƙofar ciki, ina kwasar littattafai ina zubawa a hijabina. Na kai zubin farko falo na dawo. Ba wanda ya gan ni, duk hankali yana waje.

Ina miƙa hannu ramin bango na uku sai bangon gaba ya motsa. Na ga tsaga ta taso daga ƙasa tana tafiya sama kamar ana ja da alƙalami, rana ta shigo ta cikinta. Kwano ya yi wata ƙara da har yau nake ji a haƙorana. Katako ya faɗo mini a kafaɗa na zube, ƙura ta toshe mini hanci da baki, ban ga komai ba. Ina jin haƙoran katafilar suna ja da baya don su sake dawowa.

Sai na ji ana kiran sunana. Ban gane muryar ba, don ban taɓa jin sunan a cikinta ba. Sau uku, da ƙarfi, kamar maƙogwaro zai tsage. An ce mahaifiyata ce ta ga littattafai a falo ba ta gan ni ba, ta fito titi ba mayafi tana ihu. Injin ya mutu. Hannu ya cafki wuyan hannuna ya fizgo ni ta cikin bulo da ƙura har tsakiyar titi. Na ɗaga kai na ga Malam, hularsa ta faɗi, gemunsa fari fat da ƙura, yana dubana ido cikin ido. Bai daɗe ba. Ya saki hannuna, ya juya ga wani maƙwabci ya ce, “A kai ta ciki.”

Ina kwance ana gasa mini kafaɗa na ji sun tada injin sun ƙarasa aikinsu.

Mata suka yi ta zuwa jaje, suna fita suna ƙus-ƙus, wai Malam ya kama sunan 'yar fari a bainar jama'a. Kaka ta so ta mai da abin wasa. “Ashe ya san sunanki, ja'ira.” Ban yi dariya ba, ita ma ba ta sake ba. Da na tuna mata ranar gyaran wake sai ta ce ita tsohuwa ce, ba ta riƙe magana.

Na yi ta jiran faɗa. Da ya kira ni ya zage ni, ko ya ɗaga hannu, da na samu inda zan ce na yi laifi a yafe mini. Bai yi ba. Da na gaji na roƙi Kaka ta kai masa ban haƙurina, wannan karon na tsaya a bayan ƙofa don in tabbatar ta faɗa. Ta faɗa. Sai ya ce, “Ce mata ba komai.” Shi ke nan abin da na samu. Masu ɗaukar karatu sun koma wani wuri. Littattafan da na fitar suna cikin kwali a ƙarƙashin gadonsa, ban ga ya buɗe ba. Yana fita da asuba, ba ya dawowa sai dole.

Lambatun da aka rushe zauren dominsa har yau ba a haƙa shi ba, ba a kafa turken lantarki ko ɗaya ba. Da damina ta ɗauke wani mai shayi ya zo ya share sauran rairayin, ya kafa teburinsa da benci biyu a wurin. Tebur ba gini ba ne, ba mai shafa masa fenti. Tun safe 'yan acaɓa ke cika bencin, suna shan shayi suna fuskantar barandarmu. Mun rataya zana amma iska tana ɗage ta. Mahaifiyata ta koma zagayawa ta wurin awaki. Malam kuwa in zai shiga gidansa sai ya ratsa ta tsakaninsu, ya yi musu sallama, su janye ƙafafu su ba shi hanya.